Yadda direban tirela ke aiki da kurus-kwantirol a doguwar tafiya

Tirelolin da ake shigo da su daga Turai, su DAF da MAN da Actros da Scania, galibinsu suna zuwa da wasu 'yan madannai a jikin sitiyari ko a sandar da ke gefensa, waɗanda sau da yawa har motar ta tsufa ba wanda ya taɓa latsa su. Wani direban tsoronsu yake ji. Wani kuma ya taɓa gwadawa, ya ji mota ta ja da kanta alhali ƙafarsa ba ta kan totur, ya yi salati, bai sake ba. Madannan kurus-kwantirol ne, na'urar da ke riƙe wa mota gudun da direba ya zaɓa. A manyan hanyoyin Turai da Amurka direba kan yi awanni a kanta ba tare da ya taɓa totur ba. A hanyoyinmu ba za ka samu wannan hutun ba, sai dai guntu-guntu, amma ko a haka kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, a gas da kuma gwiwar dama.

Ka fara da sanin iyakar wayonta. Akwai ƙaramar na'ura a jikin giyabos da ke ƙirga juyawar shaf, ita ke gaya wa kwamfutar inji gudun da mota ke yi, ita ce kuma ke motsa allurar maleji. Da ka latsa SET, kwamfuta sai ta riƙe lambar da allura ke kai. Gudu ya sauka ƙasa da lambar, ta ƙara gas. Ya haura, ta rage. Tun da kamfanin Chrysler ya fara sa ta a ƙananan motoci a 1958, bisa ƙirar injiniya Ralph Teetor, aikinta na asali bai wuce wannan ba. Ba ta san rami ba, ba ta san garken shanu ba, ba ta san shingen sojoji ko ɗan acaɓan da zai faɗo maka daga lungu ba. Duk wannan yana wuyanka.

Kada kuma ka haɗa ta da na'urar ƙayyade gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sawa a watan Fabrairun 2017. Waccan rufi ce: ko ka nitsa totur har ƙasa ba za ta bari mota ta wuce inda aka yanka mata ba, amma idan ka ɗaga ƙafa mota za ta rage gudu kamar kullum. Kurus kuwa ci gaba da ja take yi ko ka ɗaga ƙafa. Wasu motocin suna da duka biyun a madanni ɗaya, ana juyawa daga wannan zuwa wancan, galibi da rubutun LIM. Ka dubi dashbod ka tabbata wacce ce a kunne.

Mataki na farko: ka koyi kashewa kafin kunnawa

Tun mota tana tasha, ka zauna ka nemo madannan. A sababbin motocin Turai suna fuskar sitiyari, ƙarƙashin babban yatsa. A tsofaffi suna jikin sanda a gefen sitiyari. A motocin Amurka irin su Mack sau da yawa makunnai ne a dashbod. Rubutun kusan ɗaya ne ko'ina: SET na kama gudu, alamar tarawa da ta ɗebewa na ƙari da ragi, RES na komawa gudun da aka ajiye, OFF ko CANCEL na sakewa. Ka riƙa laluben su ido a rufe har yatsanka ya haddace wurarensu, domin da dare a kan hanya ba za ka samu damar sunkuyawa neman madanni ba.

Hanyoyin sakin kurus uku ne: ka taɓa birkin ƙafa, ka taka kuloci idan giyar hannu ce, ko ka latsa madannin sakewa. Dole ka gwada ukun a ranar farko, a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, da ƙaramin gudu, kuma gara mota ba lodi. Ka kama gudu, ka ɗan shafi birki, ka ga ko alamar ta mutu a dashbod, mota ta saki. Ka sake kamawa, ka gwada kuloci. Ka sake, ka gwada madanni. Idan ɗaya daga cikinsu bai sake ta ba, musamman birki, to ka kashe ta gaba ɗaya, kada ka ƙara taɓawa sai mai wayarin ya duba. Motocin da suka sha hannu a gareji, an yanke waya nan an ɗaure can, ba a yi musu kyakkyawan zato.

Sauran dubawar kuwa ta kullum ce: allurar iska ta fita daga ja, tayoyi da iskarsu daidai, fitilar ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki, ta mutu bayan an tayar da inji. Sai abu ɗaya da ba kasafai ake tunawa da shi ba: idan an canja wa mota girman taya daga wanda ta zo da shi, maleji zai riƙa yi maka ƙarya, kurus ma haka, tunda daga tushe ɗaya suke sha. Ka gwada malejinka da gudun da taswirar waya ke nunawa, ka san tazarar da ke tsakani.

Mataki na biyu: zaɓen wuri da zaɓen lamba

Wurin kurus shi ne hanya mai kwalta lafiyayya, busasshiya, wadda kake hango nesa, motoci kuma sun yi wa juna tazara. Tagwayen hanya sun fi dacewa, irin sassan da aka gama gyarawa tsakanin Kaduna da Kano, ko tsakanin Legas da Ibadan idan ba cunkoso. A hanya mai falle ɗaya, kamar doguwar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram, ana samun miƙaƙƙun wurare tsakanin gari da gari, amma da ka hango rumfunan bakin hanya ko alamar ranar kasuwa ce, to an gama. Ka sake ta tun kafin ka isa tudun rage gudu na farko.

Lambar da za ka kama tana da iyaka biyu, ta doka da ta hankali. A dokar hanya ta Najeriya tanka da tirela ba sa wuce kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Tarayyar Turai ta yanka wa manyan motoci na'urar ƙayyade gudu a kan 90, Jamus kuma 80 ta yarda da shi a manyan titunanta. Motar da ta zo daga can za ta amince ka kama 85 ba gardama, domin ba ta san ta sauya ƙasa ba.

Ta fuskar gas kuwa lissafin a fili yake. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsere masa take yi: daga 80 zuwa 90 tana ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali a kilomita 100 abin da ka samu bai kai minti tara ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa a Turai suke umartar direbobinsu su kama ƙasa da abin da na'urar ƙayyade gudu ta yarda. Mintocin da ka ƙwato da gudu, shingen bincike ɗaya zai cinye su ya nemi ƙari.

Mataki na uku: kamawa

Ka kai mota gudun da kake so da ƙafarka, ba da madanni ba. Idan giyar hannu ce, ka shiga giyar da allurar juyin inji za ta zauna a tsakiyar koren zane, domin can ne inji ke ja da ƙarfi yana shan gas kaɗan. Ka bar gudun ya daidaita, ka dubi madubai, sannan ka latsa SET. Lamba za ta fito a dashbod tare da alamar agogon maleji. Ka ɗaga ƙafa a hankali. A karon farko za ka ji totur ya yi sakayau amma mota tana ci gaba da ja. Haka abin yake, ba matsala ba ce. Idan ta ƙi kamawa, wataƙila gudun ya yi ƙasa, domin kowace mota tana da mafi ƙarancin gudun da kurus ke yarda da shi, galibi wajen kilomita 30.

Daga nan gyara da yatsa ake yi. Latsawa ɗaya takan ƙara ko ta rage kilomita ɗaya a yawancin motoci. Idan ka danne ka riƙe, lambar ta yi ta tafiya. Gwanayen direbobi da wannan suke bin ayari: na gaba ya ɗan rage, su rage biyu, hanya ta buɗe, su mayar. Ba birki, ba totur, lodi ma bai san an yi wani abu ba.

Yanzu sai maganar ƙafa, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata lamarin. Ƙafar dama ta zauna a shimfiɗe a ƙasa, dab da birki, takalmi a ƙafa. Ba a naɗe ta a kan kujera, ba a ɗora ta a dashbod, ba a cire silifa a tura shi ƙarƙashin feda. A gudun 60 mota tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, wato tsawon tirelar kanta. Daƙiƙa ɗaya da ka ɓata wajen sauko da ƙafa daga kujera, ka ƙara tsawon mota guda a kan nisan tsayawarka, ga kuma ɗan jinkirin da birkin iska ke yi kafin ya kama.

Tazara ma ka ƙirga ta, kada ka kintata. Littafin koyar da direbobin manyan motoci na Amurka ya ce daƙiƙa ɗaya ga kowace ƙafa goma ta tsawon mota, a ƙara ɗaya idan gudu ya haura mil 40 a awa, wato wajen kilomita 64. Ga tirela cikakkiya wannan ya kama daƙiƙa shida zuwa bakwai. Ka zaɓi turken lantarki ko gada, na gabanka ya wuce ta, ka fara ƙirga. Idan ka iso kafin shida, ka rage lamba.

Madannin RES

Wannan ya cancanci magana ta daban. Idan ka taka birki kurus ta saki, ba ta manta da lambar ba, tana nan a ajiye. Da ka latsa RES mota za ta tashi da ƙarfinta ta nufi waccan lambar. A ce ka kama 60 kafin Zariya, ka saki, ka ratsa kasuwar bakin hanya da 25, sai yatsa ya kai kan RES tun kana tsakanin masu talla da 'yan adaidaita sahu: tan arba'in ne zai zabura. Ƙa'idar ita ce ka fita daga cunkoso, ka ɗaga gudu da ƙafarka har ya kusa lambar, sannan ka latsa. Haka ya fi sauƙi ga gas ma, domin kurus ta asali ba ta iya lallaɓawa ba, buɗe wuta take yi har sai ta cim ma lambarta.

Hawa

A shimfiɗaɗɗiyar hanya kurus ta fi ƙafar mutum, tunda ba ta gajiya, ba ta kuma yin wasa da totur. A tudu da kwari kuwa direba mai ido ya fi ta nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ita sai gudu ya faɗi take sanin an fara hawa. Lokacin nan ta makara, sai ta zuba gas iya ƙarfinta, ta ci gaba da zubawa har ƙolin tudu don ta maido da lambarta, daidai inda gangara za ta ba ka wannan gudun kyauta. Ka sayi gudu da gas, ka zo ka ƙone shi da birki.

Ga yadda ake yi. Da ka hango hawa, idan akwai sarari tsakanin gudunka da iyakar doka, ka ɗan taimaka da totur tun a gindin tudu don mota ta shiga da ƙarfinta. Taka totur ba ya kashe kurus. Da ka ɗaga ƙafa za ta koma lambarta. A tsakiyar hawa, idan giyar hannu ce, kada ka jira inji ya fara kakari. Allura ta doshi ƙasan koren zane, ka sauko da giya. A wasu motocin taka kuloci yana sakin kurus gaba ɗaya sai ka latsa RES, a wasu kuma tana dawowa da kanta bayan ka saki kuloci. Ka san halin motarka tun a gwajin farko. Idan ka kusa ƙoli, ka saki kurus ko ka rage lambar, ka bar mota ta haye da ɗan abin da ya rage mata. Kilomita biyar da ka rasa a nan za su dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi a ɗaya gefen.

Wannan dabarar ce kamfanonin ƙera motoci suka koya wa kwamfuta a wajen 2012: Mercedes da Predictive Powertrain Control, Scania da Active Prediction, Volvo da I-See. Suna haɗa GPS da bayanin tudu da gangaren hanya, mota ta ƙara gudu kafin hawa, ta saki kafin ƙoli. Sai dai motar da aka ƙera don kasuwar Turai taswirar Turai ce a cikinta. Idan ta sauka a Apapa ko Kwatano, kada ka ɗauka ta san Hawan Kibo da ke hanyar Jos.

Gangara

A nan ne ake rasa rayuka, don haka a bi a hankali.

Kurus ta asali ba ta da iko da birki. Abin da kawai za ta iya a gangara shi ne ta yanke gas. Da ta yanke, nauyin lodi ya karɓi ragama, allura ta wuce 60, ta wuce 70, alamar kurus kuma tana nan a kunne a dashbod kamar komai lafiya. Direban da ya saba da cewa mota tana riƙe kanta yakan farga a makare.

Yawancin manyan motocin Turai na zamani sun haɗa kurus da birkin inji ko ritada, wato na'urorin da ke riƙe gudun mota ba tare da an taka birkin ƙafa ba. Kana iya gaya wa mota kilomita nawa za ta haura lambarka kafin ta fara riƙewa, misali huɗu ko biyar. Wasu kuma suna da madanni na daban na kama gudun gangara. A 'yar gangara mai sauƙi wannan ya wadatar, yana ma da daɗi. Ka dai tabbata lambarka da ƙarin da ka ba ta, idan aka haɗa, ba su wuce iyakar doka ba.

A doguwar gangara mai kwana, irin ta Hawan Kibo idan ka baro Jos, ko ta tsakanin Akwanga da Lafiya, ka ajiye kurus gefe tun kana sama. Ka rage gudu kafin hancin mota ya sunkuya, ka shiga ƙaramar giya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Motocin yanzu suna da ƙarfin hawa da babbar giya, don haka ka sauko ƙasa da wadda ka hau da ita. Ka kunna birkin inji. Shi kuma ba ya ƙarfi sai inji na juyi da sauri, shi ya sa a agogon motoci irin su DAF za ka ga shuɗin zane sama da kore: can ake son allura ta zauna a gangara. Ƙarar da inji ke yi a wurin ba ciwo ba ce, aiki yake yi. Jan zane ne kawai ba a shiga. Idan motarka mai ritada ce, ka sani zafin da take tarawa cikin ruwan lagireto take zuba shi, kuma famfon ruwa da inji yake juyawa. Inji na juyi a hankali, ruwa ya yi zafi, kwamfuta ta rage ƙarfin ritada daidai lokacin da ka fi bukatarta. Ido ɗaya a kan allurar zafi.

Birkin ƙafa kuwa taimako ne, ba shi ne jigo ba. Ka zaɓi gudun da ka amince da shi, a ce 30. Allura ta kai 30, ka taka sosai har ta sauka wajen 22, ka saki gaba ɗaya, birki ya sha iska. Ta sake kaiwa 30, ka maimaita. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa shi ke gasa durom da lainin, har ka fara jin ƙaurin nan da duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin babbar gangara ya san shi. Daga ƙauri sai hayaƙi, daga hayaƙi sai ka taka ka ji ba kowa. Yawan famfa birki kuma yana zubar da iskar tanki.

Sai batun firi. Motoci masu giyar otomatik na zamani suna da tsarin da ke cire giya da kansa a 'yar gangara don rage shan gas, Mercedes suna kiransa EcoRoll, Volvo kuma I-Roll. Wasu direbobi suna kafa hujja da wannan su ce ai Bature ma yana sa mota a firi. Ba ɗaya ba ne. Kwamfuta tana mayar da giya nan take da ka taɓa birki ko gudu ya haura iyaka. Kai kuwa idan ka zare giyar hannu a gangara da tan talatin a bayanka, gudu ya ƙaru, giyar ba za ta sake shiga ba, birkin inji ya tashi a banza, kwamfireso kuma yana juyi a hankali ba ya cika iska da wuri. Gas ɗin da ake cewa ana tattalawa ma babu shi: injin zamani idan yana gangara a cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, ba ya shan ko ɗigo, alhali a firi sai ya sha don kada ya mutu.

Idan motarka mai rada ce

Sababbin motoci suna da kurus mai bin na gaba. Akwai rada, na'urar da ke auna tazarar abin da ke gaba, a gaban mota, galibi bayan wani murfin roba a bamba ko a giril, wani lokaci da kyamara a saman gilas. Kana kama gudu kamar kullum, sannan ka zaɓi tazara, wadda ke fitowa a dashbod kamar 'yan sanduna. Da lodi, ka zaɓi mafi nisa. Na gaba ya rage, motarka ta yanke gas, ta kunna ritada, har ta ɗan taɓa birki. Ya ƙara, ta bi shi zuwa lambarka.

Tana da makafin wurare, kuma duk irin waɗanda muke fama da su ne. An gina ta ne don bin abin da ke tafiya, saboda haka ba a dogara da ita a kan abin da ke tsaye cak: tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya aka jera mata ganye, ko layin motoci a shinge. Babur da keke suna iya kuɓuce mata. A kwana takan rasa motar da take bi, ta ɗauka hanya ta buɗe, ta ƙara gudu a inda ya kamata a rage. Ƙaramar mota ta yanko gabanka, ta taka birki ba zato. Kuma muddin ƙafarka tana kan totur, ta sallama maka, ba za ta riƙe tazara ba. Ka riƙa duban alamar motar gaba a dashbod: idan kana ganin mota da idonka amma alamar ba ta fito ba, rada ba ta gan ta ba.

Laka da ƙura suna toshe ta, don haka yaron mota ya riƙa goge murfin duk inda aka tsaya. Masu kai mota wajen mai walda a ɗaura mata ƙaton ƙarfen kariya a gaba su lura kada ya tare fuskar rada.

Wuce mota

Idan kana 60 na gabanka yana 58, kada ka fita ka jera da shi kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ƙi taɓa madanninsa, motoci sun yi layi a baya. Ko dai ka rage biyu ka bi shi, ko ka fita da ƙafarka ka gama da wuri. Idan kai ake wucewa, ka rage lamba biyu ko uku na ɗan lokaci, ka ba shi fitila idan wutsiyarsa ta fita. A hanya mai falle ɗaya kuwa ba a wuce mota da kurus sam.

Inda ake kashe ta ba shawara

Da ruwan sama ya fara, ka kashe. Ruwan farko ya fi haɗari, domin yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Idan tayoyin ja, wato waɗanda inji ke juyawa, suka fara sulɓi, direba zai ɗaga ƙafa da kansa, kurus kuwa lambarta take nema. Ritada da birkin inji ma a kan tayoyin ja kawai suke aiki. A kan santsi, musamman idan bodi ba lodi, suna iya sa kan mota ya ja baya bodi ya turo, su naɗe kamar askar wanzami. Ka rage su zuwa matakin farko ko ka kashe su.

Haka hazon hunturu idan ya sauko har ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mota uku, haka hayaƙin ƙonen daji, haka wurin da ake aikin hanya aka karkatar da motoci hannu ɗaya, haka gargada. Mai tanka kuma, idan ba a cike take ba, ya san yadda mai ke tunkuɗo mota gaba bayan an taka birki. Irin wannan lodin yana son ƙafar da ke ji da shi.

Na ƙarshe shi ne barci. Direban da ke tuƙi da ƙafa, idan gyangyaɗi ya ɗauke shi, sau da yawa ƙafar takan saki, sauyin ƙarar inji ya farkar da shi. Da kurus babu wannan. Mota za ta riƙe 60 ɗinta har inda ta tsaya. Daƙiƙa biyu na rufe ido mita 33 ne. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, ta kuma ƙayyade tuƙi a awa tara a yini. Ta Amurka ta tsaya a awa 11. Ko ba wanda zai duba takardarka, jikinka irin nasu ne. Ka fara hamma a jere, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, to ka kashe kurus nan take, ka lallaɓa zuwa Tafa ko Mararrabar Jos ko duk inda ya fi kusa da aminci, ka kwanta. Goro da shayi mai kauri jinkirta barci suke yi, ba sa biyan bashinsa.

Idan ta ƙi kamawa

Kafin ka yarda a ce maka kwamfuta ce ta mutu, a fara da masu araha. Mafi yawan lokuta ɗan makunnin da ke bayan fedar birki ne ko na kuloci ya saki ko ya maƙale, kwamfuta tana ganin kamar ƙafarka tana kai. Ka sa yaro ya tsaya a baya ya duba ko fitilun birki suna kunne alhali ba ka taka ba. Sai fis, sai sandar ritada da aka manta a ja, sai fitilar ABS ko ta inji da ke kunne, domin motoci da yawa suna hana kurus aiki muddin akwai irin wannan ƙorafin. Idan maleji ma yana rawa ko ya mutu, matsalar tana wajen na'urar giyabos ko wayarta. Idan hon da sauran madannan sitiyari duk sun mutu tare, naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin wuyan sitiyari ce ta tsinke.

Akwai gwaji mai sauƙi a motoci da yawa: mota a tsaye, hambirki a ja, giya a firi, ka latsa madannin ƙari. Idan juyin inji ya ɗaga ya zauna, madannan lafiya suke, a nemi matsalar a wani wuri. Da wannan ne ma ake ɗaga inji don cika iska da safe ko juya famfon tanka, maimakon a ɗora dutse a kan totur.

Mai rada kuwa, idan bamba ta taɓa buguwa ko an cire ta an mayar, sai an saita radar da kwamfuta a garejin da ke da kayan aikin. Karkacewar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa mota ta riƙa bin wadda ke layin gefe, ko ta taka birki saboda allon bakin hanya. Kafin a saita, ka yi tafiyarka da ƙafa.